Direba Ya Sauko Ɗakin Ƙasa

"Saki cikin mana," in ji Tela. Yana durƙushe a gaban maƙwabcinsa, tef ɗin awo zagaye da ƙugun mutumin. "Ka wani haɗiye numfashi kamar za a ɗauke ka hoto. Ta yaya zan san gaskiya?"

Direba ya saki. Tumbin ya turo gaban rigarsa har maɓallin ƙasa ya yi kamar zai tsinke. Tela ya kawo tef ɗin kusa da idonsa, ya duba, ya sake dubawa.

"Arba'in da huɗu. Wancan watan arba'in da ɗaya na rubuta."

"Tef ɗinka ne ya tsufa, ya tsuke kamar mai shi."

Da a da ne, da tuni Tela ya rama. Shekara goma sha tara suna haya a gida ɗaya, shi a ƙasa da shagonsa mai kallon titi da ɗakin kwanansa a baya, Direba da matarsa a can hawa na uku, kuma ba ranar da za ta fito ta faɗi ba su tsokani juna ba. Amma yau idonsa na kan ƙafafun Direba. Sun cika silifas har igiyar ta nutse cikin nama, fatar tana sheƙi. Bai nemi izini ba, ya sa babban yatsa ya danna ƙaurin. Da ya ɗaga, ramin ya tsaya yadda yake, ya ƙi cikowa.

"Wannan ba ƙiba ba ce," ya ce.

"Wando na kawo maka, ba ƙafa ba."

"Wannan ruwa ne. Haka ƙafar marigayiya matata ta yi kafin a kwantar da ita."

Direba ya waiga wajen ƙofa, ya ga ba kowa sai mai kayan miya yana tura baro can nesa. Ya jawo kujerar da masu jiran ɗinki ke zama, ya zauna da ƙyar, ya jira numfashinsa ya daidaita. Sannan ya faɗa masa. Tun bara likita ya ce hawan jini ya daɗe a jikinsa, zuciyarsa ta fara gajiya. An ba shi ƙwayoyi kala uku. Biyu yana sha in ya tuna. Ta ukun, wata ƙaramar fara mai fitar da ruwa daga jiki, ita ce ya daina.

"In na haɗiye ta da safe, kafin in kai shataletale na biyu fitsari ya matse ni. Mutum sittin a bayana, ƙarfe bakwai za su shiga aiki. In tsaya a ina? In ce musu me? Sau ɗaya na gwada, Tela. Sau uku na faka a hanya, yara sa'annin 'ya'yana suna yi mini dariya ta taga."

Bas ɗin ma'aikata yake tuƙawa, na wata masana'antar robobi da ke bayan gari, shekara ashirin da shida ba ko ƙwarzane. Wandon kakin da ya kawo ma na aikin ne, guda biyu ake ba su a shekara.

"Ka sha da yamma mana."

"Da yamma in mayar da su gida. In na sha bayan na dawo, kwana zan yi ina zarya, in tashi da barci a ido in hau titi."

"To ka gaya wa masu kamfanin."

"Su karɓe makulli a ranar. Saura wata goma sha huɗu in ajiye aiki da kaina, a tara mutane a yi mini godiya. Ka bar ni in ƙarasa."

"In abin ya taso maka kana kan sitiyari fa?"

Direba ya ɗauki wani guntun alli daga kan tebur yana jujjuya shi. Can ya ce, "Kada Manaja ta ji. Ka san halinta. Na roƙe ka."

Manaja yake kiran matarsa, don ita ke juya komai a gidan. Sauran mutane Maman Auta suke ce mata. Tela ya dube shi. Mutumin nan ne ya goya matar Tela zuwa mota ranar da ciwonta ya tashi, shi ne kuma ya zauna da shi a shagon nan kwana da kwanaki bayan ta rasu, yana ta warware masa zare. Tela ya karɓi wandon. Kafin la'asar ya farke bayan, ya sa masa ƙari da ƙyalle mai kala ɗaya, ya goge ɗinkin yadda ba mai ganewa.

Daga ranar ya fara lura da abin da a da bai lura da shi ba. Kowace safiya, gari ya fara haske, yakan ji saukowar Direba, taku a hankali, da tsayawa a kowace kwana ta matakala. In ya iso ƙofar gida sai ya buɗe tafin hannunsa a kan kwata, ƙaramar farar ƙwaya ta faɗa cikin ruwa. Sannan ya ɗaga murya.

"Mai almakashi! Har yanzu ba ka mutu ba?"

"Kai nake jira ka share hanya."

Sau biyu Tela ya hau har hawa na biyu da niyyar ya ƙwanƙwasa wa Maman Auta ƙofa. Duka biyun ya juyo. Na biyun ma ta same shi a kan matakala tana saukowa da bokiti, ta tambaye shi ko lafiya, ya ce tankin ruwa ya zo dubawa.

Wata Alhamis, wajen ƙarfe biyar na yamma, wata ma'aikaciyar masana'antar ta sauka daga babur a ƙofar shago, rigar aikinta ba ta ko cire ba. Ta tambayi gidan Direba. Ta ce suna tsakiyar babban titi suka ga ya kunna sigina, ya gangara gefe a hankali, ya ja birkin hannu, ya kashe mota, ya buɗe ƙofa. Ya ce musu kowa ya sauka. Sai da na ƙarshe ya sauka sannan ya kifa kansa a kan sitiyari, hannunsa dafe da ƙirji, gumi na zuba kamar an watsa masa ruwa. An garzaya da shi asibiti.

Tela ya rufe shago bai ko kashe dutsen guga ba, sai da ya dawo daga bakin titi ya zare shi. A cikin tasi Maman Auta ba ta yi kuka ba. Jakarta ta riƙe da hannu biyu, tana ta faɗa wa mai tasi hanyar da ya fi ta sani.

Sun fi awa biyu a kan benci a wani dogon baranda mai warin maganin wanke ƙasa. Sannan wata likita ta fito, siririya mai tabarau, ta kira iyalan direban bas. Ta shigar da su wani ƙaramin ofis, ta zauna ta cire hular kanta.

"Ya tsallake na yau," ta ce. "Jijiya guda cikin waɗanda ke kai wa zuciyar kanta jini ce ta toshe. Mun zura siririn bututu ta hannunsa mun buɗe ta, mun sa wani ɗan ƙarfe mai kama da raga ya tokare wurin. Amma Mama, ba zan ɓoye miki ba, zuciyar ta riga ta jigata tun kafin yau. Hawan jinin da ba a danne ba ya sa ta yi ta aikin da ya fi ƙarfinta, ta yi kauri, daga baya ta saki. Ba ta iya tura jini yadda ya kamata, shi ya sa ruwa ya taru a ƙafa da ciki, har ya shiga huhu." Ta buɗe fayil. "Abin da ban gane ba shi ne, tun bara aka rubuta masa magani. Yana sha?"

"Kullum," in ji Maman Auta. "Ni nake ɓare masa da hannuna, in miƙa masa da ruwa."

"Har da na rage ruwa?"

"Har da shi."

Likitar ta sake duba takardar, ta girgiza kai. Ta ɗauki biro za ta rubuta.

"Ba ya sha," in ji Tela.

Su biyun suka juyo.

"Ƙaramar farar. A kwata yake jefawa, a ƙofar shagona. Sauran ma sai ya ga dama."

"Tun yaushe, Baba?" in ji likitar.

"Ni dai wata uku ke nan da na sani."

Likitar ta rubuta. Maman Auta ta dube shi, doguwar duba, daga hularsa har takalminsa.

"Wata uku," ta ce. "Kana gaishe ni kullum."

A tasi ɗaya suka koma, ita a baya, shi a gaba.

Kwana goma sha ɗaya Direba ya yi a asibiti. Aka cire masa ruwa da allurai har ƙafafun suka saɓe, fatar ta yi yaushi. Ranar da za a sallame shi likitar ta jero musu sharuɗɗa. Magani kala shida, kowanne da lokacinsa, har da na tsinka jini don kada ƙarfen nan ya toshe. Gishiri a rage shi sosai. Ruwan sha a auna. A hau sikeli kowace safiya, in nauyi ya ƙaru da kilo biyu cikin kwana biyu a dawo da shi ba jira. Tuƙi kuwa an gama. Da ta ji a hawa na uku suke, sai ta ajiye biro.

"Matakala nawa?"

"Talatin da shida," in ji Direba. "Na ƙirga su sosai a 'yan watannin nan."

"Ba zai iya ba. Ku nemi ƙasa."

Da yammar ranar Tela ya kwashe kayan sawarsa a buhu biyu, ya share ɗakin baya, ya sake zanin gado. Ya hau sama ya ƙwanƙwasa. Maman Auta ta buɗe ta tsaya a bakin ƙofa. Ya miƙa mata makulli.

"Akwai banɗaki a ciki. Taga tana buɗewa in an ɗaga ta kaɗan."

Ta dubi makullin, ta dube shi. Ta karɓa. Ta shiga ciki ta ɗauko nasu ta ajiye masa a kan bangon baranda maimakon ta sa a hannunsa.

Haka aka yi musanya. Tela ya koma kwana a sama, a ɗakin da ke warin man gashin wani da turaren wata, da safe ya sauko ya buɗe shago. Tsakanin shagon da ɗakin da Direba yake ƙofar katako ce kawai da labule. Ranar farko Tela ya ƙi taka keken ɗinki, ya zauna yana ɗinkin hannu don kada ƙara ta dame shi. Wajen hantsi murya ta fito daga bayan labule.

"Mai almakashi, ka yi ritaya ne kai ma?"

"Barci nake so ka yi."

"Taka abinka. Shekara ashirin da shida inji na kuka a ƙarƙashina. Shirun nan ne zai kashe ni."

Sai ya taka.

Maman Auta ta riƙe jinyar kamar aikin ofis. Ta liƙa takarda a bango ta ja layi, tana rubuta nauyin kowace safiya. Ta sayi kofi mai lamba a jiki. Ƙwaya kuwa ba ta ƙara miƙa masa a hannu ba, a baki take sa masa, ta tsaya har ya haɗiye, ta ce ya ɗaga harshe. 'Ya'yansu, da duk suka yi aure suka watse, suka riƙa zuwa ƙarshen mako suna cika ɗakin da surutu, su tafi su bar shi a gajiye. Da Tela kuwa gaisuwa ce kawai ke haɗa ta, ita ma a taƙaice.

In ta fita kasuwa Direba yakan kira shi. Ya tarar da shi a zaune a kan gado, matashi uku a bayansa, kansa jingine da bango, don in ya kwanta sosai numfashi ƙwace masa yake yi. Ya rame ta sama, wuyansa ya zama siriri, jijiyar gefe tana harbawa a fili.

"Ɗanɗana wannan miyar," ya ce wata rana. "Ka gaya mini laifin da na yi wa duniya."

Tela ya ɗanɗana. Ruwan ganye ne kawai mai ɗumi.

"Ba laifi."

"Maƙaryaci. Kawo mini ɗan gishiri a takarda. Kaɗan, na kan farce."

"Ba zan kawo ba."

"Haba Tela."

"Na yi maka sau ɗaya. Ka ga inda ya kai mu."

Direba ya dubi hannuwansa a kan bargo.

"Ni na kai kaina," ya ce. "Na gaya mata haka. Ta ce ta sani, amma ni ba ta da lokacin yin fushi da ni yanzu, shi ya sa ta ɗora maka duka." Ya yi 'yar dariya, dariyar ta koma tari, tarin ya daɗe. Da ya lafa ya ce, "Ka san abin da nake gani in na rufe ido? Madubin nan na cikin bas, na sama da kaina. Fuskokinsu a jere, wasu na barci, wata tana cin biredi. Da na ƙara minti ɗaya ban gangara ba fa?"

"Ai ka gangara."

"Na gangara. Amma kai ka tambaye ni ranar awon wando, ban ba ka amsa ba."

Wata biyu abin ya yi kamar zai tsaya. Har yakan fito ƙofar shago da yamma ya zauna a kujera, mutanen layi suna tsayawa gaishe shi. A wata na uku lambobin da ke kan takardar bango suka fara hawa, duk da ba ƙwayar da ta kuskure. Aka mayar da shi asibiti, kwana biyar, aka dawo. Bayan sati uku aka sake komawa. Wannan karon likitar ta ƙara magani, ta sa aka kawo tukunyar iskar numfashi gida, ta kuma ja Maman Auta gefe ta daɗe tana yi mata magana a hankali. Tela yana nesa bai ji ba, ya dai ga yadda matar ta dafa bango.

A hanyar dawowa, suna jiran tasi, ta yi magana ba tare da ta dube shi ba.

"Ta ce aikin da ya rage sai dai a sake zuciyar gaba ɗaya, kuma jikinsa ba zai ɗauka ba." Ta gyara jakarta. "Ka ci abinci yau?"

"Na sha shayi."

"Shayi ba abinci ba ne. Zan aiko maka. Babu gishiri dai, tukunya ɗaya nake yi."

Ranar Talata ce, da hantsi. Maman Auta ta ba shi maganin safe, ta goge masa fuska, ta ɗauki wanki ta hau sama don ta shanya a baranda. Tela yana kan keke yana haɗa rigunan makaranta. Ta bayan labule Direba yana ba shi labarin bas ɗin, a gutsure, yana hutawa tsakanin kalmomi. Wai sabon direban ba zai san cewa giya ta uku sai an lallaɓa ta ba. Wai ya kamata wani ya gaya masa.

"In ya zo wucewa zan tare shi," in ji Tela.

"Ka ce masa ya ɗan jira ta. Kada ya tilasta."

"To."

Ya sa hannun riga a ƙarƙashin allura ya taka. Ya gama wannan, ya juya ya ɗinke ɗayan. Ya yanke zare da haƙori.

"Sai me kuma zan ce masa?"

Tukunyar iska kawai ke huci.

"Direba?"

Ya zauna yadda yake, ƙafarsa a kan matakin keke. Wani mai babur ya wuce da rediyo a kunne. Sannan ya tashi ya ɗaga labule. Direba yana zaune kamar kullum, kansa a bango, ya ɗan karkata hagu. Idonsa a buɗe kaɗan, robar iska ta zame daga hanci ɗaya. Tela ya kira shi sau biyu, ya girgiza kafaɗarsa, ya sa yatsu a wuyansa inda jijiyar nan take harbawa. Ya daɗe yana jira. Daga nan ya shafa masa ido, ya gyara masa kai, ya murɗa kan tukunyar ta yi shiru.

Bai taɓa jin tsawon matakalar nan ba sai ranar. A kwana ta biyu ya tsaya ya riƙe ƙarfe. Da ya kai sama ya same ta ta juya baya, tana yarfe zanin gado, maƙalen shanya biyu a bakinta. Ta juyo ta gan shi. Ta cire maƙalen daga bakinta ɗaya bayan ɗaya, ta ajiye su a kan bango.

"Yana cikin magana ne ya cika?" ta ce.

"Yana magana. Zancen mota."

Ta gyaɗa kai. Ta ƙarasa shanya zanin, ta ja gefensa ya miƙe, sannan ta zauna a ƙasa kusa da bokiti.

Wajen jana'iza mutane sun taru fiye da yadda layin zai ɗauka. Ma'aikatan masana'antar suka zo da kayan aikinsu, suka tsaya a titi don ba wuri a ciki. Bayan sati biyu babbar 'yar ta zo da mota ta tafi da uwarta. Kafin ta shiga, Maman Auta ta tako har gaban keke ta sa wa Tela makullinsa a tafin hannu.

"Na share," ta ce. "Allah ya saka."

"Allah ya jiƙansa."

"Amin."

Da la'asar ya sauko da buhunansa biyu. Ɗakin fes, an cire takardar bango, saura ɓurɓushin gam a kusurwa huɗu. Ya ɗaga taga, haske ya shigo ya kwanta a kan gado. A bango, sama da inda matasan suke, akwai wani tabo mai duhu, faɗin tafin hannu, inda man gashi ya shiga fenti. Ya je banɗaki ya jiƙo tsumma, ya dawo ya tsaya a gabansa. Ruwa yana ɗiga daga tsumman a kan siminti. Can ya zauna a bakin gadon, tsumman a hannunsa, har hasken ya bar bangon.